Bodon Gidan Ebina

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na Kamisode ya san Tsuya ta gidan Ebina, kuma yawancinmu muryarta muka fara sani kafin fuskarta. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, duƙaƙƙiya, da faratan manyan yatsu masu kauri waɗanda tsagar rama ta karkatar. Faɗa kuwa ba a cewa komai. Ta yi da maƙwabta a kan ruwan fadama, ta yi da mai tallan kifi a kan ƙarar kekensa, har hankakan da ke sauka a kan shanyarta suna da nasu kason zagin. Yanzu da ta kwanta dama, masu ba da labarinta abu ɗaya suke riƙewa, wai ta yi wa ɗan cikinta abin da uwa ba ta yi. Ba sa faɗin abin da shi ya fara yi mata. To ni zan faɗa, don a idona aka yi, kuma har gobe ina bayanta.

A gidan da ta mutu aka haife ta. Ba ta taɓa zaman gidan miji ba, don iyayenta ba su sami namiji ba, sai aka kawo mata Sadakichi daga ƙauyen gaba, ya shigo da ɗan ƙunshin kayansa ya ɗauki sunan Ebina. Saboda haka duk abin da ke gidan nata ne tun daga tushe, har da bodon.

Auduga ba ta yi a wajenmu, sanyi ba ya barinta. Rama muke shukawa, kuma kowace mace ta san azabarta: a yanke, a turara, a jiƙa, a kankare, sannan a zauna tsawon hunturu ana tsaga ta da farce ana murza zare, ƙanƙara ta toshe taga, hayaƙin murhu yana cin ido. Sai an gama wannan a hau masaƙa. Wanda ya ga yadda ake samun kamu ɗaya na ƙyalle ba ya yar da tsumma. Riga in ta mutu ta koma maho a jikin wata rigar, mahon in ya gaji ya koma cikin bargo, haka har sai ya daina riƙe allura.

Bodo kuwa shimfiɗar haihuwa ce. A gidan Ebina, in mutum ya mutu sai a yanki ƙyalle kamar tafin hannu daga rigar da ya fi sawa, a ɗinke a kai. Mai rai ba ya shiga, ko da wasa. In mace ta fara naƙuda, a baza bambaron shinkafa a ɗaki a shimfiɗa bodon, jariri ya faɗo a hannun waɗanda suka riga shi. Ba wanda ya san wadda ta saƙa ƙyallen farko. Ya yi kaurin da mace ɗaya ba ta iya matse shi in an wanke.

Duk shuɗi ne, don ba mu san wani rini ba sai shuni, amma babu maho biyu masu kama ɗaya. Wani sau ɗaya aka tsoma shi a randa aka fitar, wani an maimaita har ya yi duhu. Wani rana ce ta ci shi, wani gishirin teku, wani gumin noma. Da wannan bambancin ake gane mutane. Tun Tsuya ba ta iya ɗaura ɗamara ba kakarta take kama yatsanta tana ɗorawa a kai: wannan mai haske kakan kakanki ne da yunwa ta kashe, wannan mai ratsin fari gwaggonki ce mai yawan dariya, wancan koɗaɗɗen na gefe wani baƙo ne da ya sauka ya mutu mana, ba mu san sunansa ba amma ya zama namu. Ba a taɓa rubuta ko ɗaya ba. A rubuta don me, ga su nan ana ganinsu?

Nata matattun da hannunta ta ɗinka su. Uwarta, ubanta. 'Yan matanta biyu, Fumi da Nobu, waɗanda ba su kai yaye ba. Daga ƙyalle ɗaya ta yi musu 'yan riguna, amma ta Fumi ta fi duhu don ba ta daɗe tana sawa ba, ta Nobu kuwa ta ɗan koɗe don ita ta kai rarrafe. Sai Sadakichi, wanda ya tafi kamun kifi Hokkaido teku ta riƙe shi, aka kawo mata rigarsa kawai, ta yanko kafaɗar inda ta yi masa ado da farin zare. Sai babban ɗanta Kanji da yaƙi ya ci, ba gawa ba riga, dole ta yanki tsohon wandonsa na makaranta. Ta kan ce daga ranar ta daina yi wa duniya magana a hankali.

Ɗa ɗaya ya rage mata, Tokuji. Bai san ubansa sosai ba, amma ya san mahonsa. Sau nawa ta kama shi, yana ƙarami, ya buɗe akwati ya manna hanci a kan farin adon nan yana neman warin mutumin. Ba ta taɓa dukansa a kan wannan ba, ita da ke duka a kan komai.

Tokyo ce ta ɓata shi. Da ya zama saurayi ya bi mazan ƙauye cin rani, aikin gini, in ƙanƙara ta rufe gona. Can aka yi ta yi masa dariya, a kwaikwayi maganarsa, a ja masa mahon riga ana tambayarsa ko a bola ya tsinto. Ya dawo da farar riga mai kwala da wata irin kunya wadda ba ta da magani. Ya yi ƙoƙari, ba na hana masa. Ya kwashe jinkar gida ya sa kwano, shi ya fara kawo talabijin ƙauyen, har ya zama kansila. Amma duk abin da ya taɓa hannun uwarsa sai ya riƙa yi masa wari. Shekarar da 'yan duba-gari suka zo suka ce tsummokarai ne ke tara ƙuma da kwarkwata, shi ya tsaya a bayan makaranta da farar rigarsa yana nuna inda za a zuba. Mata suka yi ta jido bargunan da kakanninsu suka ƙare ido a kai, suna jefawa a wuta, suna dariyar yaƙe don kada a ce musu 'yan ƙauye. Tsuya ta tsaya a gefen wutar tana kiransu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana gaya wa kowace cewa idon uwarta ne take ƙonawa. Aka ce tsufa ne. Tokuji bai kai hannu ga bodon ba a lokacin, don ya san da wadda yake zaune.

Ana haka 'yarsa Sanae, wadda ta yi aure a birni, ta sami ciki ta dawo gida haihuwa. Tsuya ta fito da bodon ta ce a kansa za a haihu. Aka kai ruwa rana, aka kayar da ita: a asibiti za a haihu, kowa ma yanzu can yake zuwa. Sanae ce ta lallashe ta. Yarinya ce mai wayo, ita kaɗai ke iya tsokanar tsohuwar ta kwana lafiya.

"Kaka, ke dai so kike ki ga na yi ihu a gabanki ki rama wahalar da na ba ki. To ji nan. Ranar suna, kafin kowa ya ɗauki jaririn, a kan tsummanki zan fara ajiye shi. Kuma kafin nan ki koya mini mutanen nan naki duka, don na san in kin tafi ba mai sauran sani."

Tsuya ta yi tsaki ta ce ƙwaƙwalwar 'yan birni ba za ta ɗauka ba. Amma ran nan maƙwabta sun ji ta tana waƙa a bayan gida. Tun mutuwar Kanji take jiran wanda zai yi mata wannan tambayar.

Ta shanya bodon a gora ya sha iska, nan Tokuji ya tsaya ya ƙare masa kallo. Maho kan maho, tabon haihuwa na zamani da zamani, gefe duk ya zare. Ya tuna surukan Sanae za su zo suna, mutanen birni masu cin abinci a kan tebur. Ya roƙi uwarsa ta bari sai baƙi sun tafi. Ta ce matattunta ba sa ɓuya don wani. Sai ya bar maganar, ita kuma ta ɗauka ta ci nasara.

Bayan girbi tsofaffinmu kan hau dutse, wurin maɓuɓɓugar ruwan zafi, su yi 'yan kwanaki suna gasa ƙasusuwa. Tokuji ya matsa mata ta je, ya ce tana bukatar ƙarfi kafin jego, har ya ɗaukar mata buhun shinkafarta zuwa mota. Ta tafi tana mita, amma a ranta ta ji daɗi.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, ba da mugunta ya yi ba. A wajenmu sake wa tufa rini girmama shi ne. Duk lokacin kaka mutane kan kwashi koɗaɗɗun riguna su kai marina a sake tsomawa, su dawo da ƙarfinsu, asu ma ya bar su. Tokuji ya ga ya samo dabarar da za ta gamsar da kowa: uwarsa ta shimfiɗa abinta, surukai kuma ba su ga tsumma ba. Tana juya baya ya ɗaure bodon a bayan babur ya kai wa Yasokichi marini.

Ranar da ta dawo, ko takalmi ba ta gama kwancewa ba ya ajiye mata ƙunshi a gabanta, naɗe cikin takarda, yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa.

"Inna, ga abinki. Buɗe ki gani."

Warin sabon shuni ya fara bugunta. Ta warware. Shuɗi ne mai duhu, ya kusa baƙi, daga wannan gefe har wancan, bai bar ko ɗigon haske ba. Hatta farin zaren ɗinki ya sha ya ƙoshi.

"Wannan mene ne?"

"Bodon ne mana. Na ce wa Yasokichi ya yi masa rinin manya, kada ya ji tausayin randa. Yanzu ko a gaban wa kika shimfiɗa shi ba mai raina mu."

Ta daɗe a durƙushe tana kallo.

"Ina uwata?"

"Inna, ba a cire ko zare ɗaya ba, duk suna nan."

"Na ce ina uwata. Ɗora yatsanka ka nuna mini ita."

Ya sunkuya ya duba. Ya kai hannu, ya janye. A nan murmushin ya bar fuskarsa.

Ta mayar da takalminta ta kama hanyar gari a ƙafa, ba ta jira mota ba. Ta tarar da Yasokichi a tsugune a bakin randunansa da ke binne a ƙasa, hannuwa shuɗaye har gwiwa, yana ɗanɗana kumfar shuni da harshe. Sa'anta ne, tare suka yi wasan ƙasa. Yana ganinta ya washe baki yana jiran yabo.

"Sarauniyar faɗa da kanta. Kin ga aiki ko? Randata mafi ƙarfi na buɗe miki, wadda ko matar likita ban buɗe wa ba."

"Kai Yaso, tsohon banza, shunin ido ya hau maka ko ƙwaƙwalwa? Kai ma ba a kan bodo aka haife ka ba? Da ka warware shi ba ka ga mutane ba?"

Ya ce ya gani, har ya yi jim. Amma ɗanta ya ce ita ta aiko, kuma zamani ya zo da abubuwa, wasu ƙonawa ma suke yi, sai ya ga gara rini da wuta. Don nata ne ma ya zage, ya yi ta tsomawa yana shanyawa yana sake tsomawa, har sai da ya ga babu inda ya fi wani haske. Ta zage shi, ta zagi randunansa, ta haɗa da wanda ya koya masa sana'ar. Da ta gaji da zagin sai ta tambaye shi, da wata murya da bai san tana da ita ba, ko akwai yadda za a cire.

Ya girgiza kai. Ya ce shunin da ya shiga rama ba ya fita sai rana da wanki sun ci shi, kuma in sun ci, gaba ɗaya za su ci, bai ɗaya.

"Tsuya, shekarun da suka koɗar da su ɗaya-ɗaya, ba ni da su a randa."

Ta ce masa ranar da ta mutu kada ƙafarsa ta taka gidanta. Bai taka ba kuwa, a bakin hanya ya tsaya.

Daga nan kullum da hantsi sai ta jawo bodon bakin ƙofa inda haske yake, ta rufe ido, ta bi shi da yatsu. Ta gano Sadakichi, don adon kafaɗarsa yana da tudu. Ta gano uwarta, don saƙarta sako-sako ce, abin da ta yi ta yi mata gori a kai tana da rai. Kanji ma ya samu, wandon makaranta ba saƙar gida ba ne. Amma na dā, waɗanda kakarta ta nuna mata da launi, yawancinsu sun tafi. Mai dariya ta tafi, baƙon ma ya tafi. Da ta zo kan 'yan ƙyallaye biyun nan na kusa da juna, saƙa ɗaya, zare ɗaya, hannu ɗaya, ta yi ta shafawa har fatar yatsanta ta yi shuɗi, ba ta san wacece Fumi wacece Nobu ba. Ta binne su sau ɗaya tana da ƙuruciya, ga shi an sa ta sake binne su da furfura. Sanae ta zauna kusa da ita da tulun cikinta, ta ba da yatsa aka ɗora mata, ta ce ita duk ɗaya take ji. Suka yi kuka tare, Tsuya tana yi tana zagi.

Tokuji ya yi ta kewaye-kewaye kwana da kwanaki. Ya kawo mata lemo, ba ta taɓa ba. Rannan ya durƙusa a gefen bodon, babban mutum da shi, ya yi ta lalube da ido wajen da yake tsammani. Can ya ce, a hankali, "Inna, mahaifina fa? A ina yake?"

Hannunta yana kan wurin a lokacin. Ba ta ɗaga ba.

"Je ka tambayi randar Yaso."

Sanae ta haifi namiji a asibiti. Ana gobe suna matar Tokuji ta wanke masa farar rigarsa ta zuwa majalisa ta shanya, da ta zo kwashewa ba ta gan ta ba. Aka ɗora wa iska laifi, ya sa wata.

Ranar suna gida ya cika. Surukai suka zo da kyaututtuka, aka dafa jar shinkafa, aka gasa kifi, giyar shinkafa tana zagayawa. Aka rubuta sunan yaron aka liƙa a bango. Sai Sanae ta ce kafin kowa ya ɗauke shi akwai alkawarin da ta yi wa kakarta. Tsuya ta shigo rungume da bodon, ba ta yarda kowa ya kama mata ba, ta warware shi a tsakar ɗaki. A tsakiyarsa, cikin duhun nan, ga maho guda fari fat kamar tafin hannu, an yanko shi daga ƙirjin riga, har da maɓalli ɗaya a jiki. An ɗinke shi da ƙananan ɗinki masu kyau, irin waɗanda take yi wa wanda take so.

Duk ɗan ƙauyen da ke ɗakin ya sunkuyar da kai. Matar Tokuji ta toshe baki da hannun riga. Sanae ta tsaya da jariri a hannu, ta dubi kakarta, ta dubi ubanta, sannan ta durƙusa ta kwantar da shi, don alkawari ta yi.

Uwar mijin Sanae kam ba ta san komai ba. Ta matso tana yaba rinin, ta ce ba ta taɓa ganin shuɗi mai zurfi haka ba. Da aka gaya mata kowane maho mamaci ne na gidan, sai ta haɗa hannuwa ta sunkuya, ta tambaya cikin ladabi wane ne wannan farin.

Tsuya ta gyara wa jaririn wuya.

"Wani ɗa ne da nake da shi. Shi dai ba zai ɓace wa kowa ba."

Tokuji yana zaune a wurin manya da ƙoƙon giya a hannu. Bai ajiye ba, bai sha ba.

Tsuya ta yi shekaru bayan wannan, a gida ɗaya da shi. Ba ta sake ɗaga masa murya ba, ita da ba ta bar hankaka ya huta ba, kuma ba ta sake kiran sunansa ba. Mutane sun je sun ba ta baki, malamin ɗakin ibada ma ya je, ta ba shi shayi ta raka shi ƙofa. Kowace safiya, in ta zuba wa matattun gida shinkafa a 'yan ƙananan kwanoni a gaban allunan da ake ajiyewa don tunawa da su ta kunna turare, sai ta ƙara kwano ɗaya a ƙarshen layi. Tokuji yana zaune a bayanta yana karin kumallo, da idonsa yake ganin tana ajiyewa.